Yadda Na Ƙwato Sunan Inna Tumba da Kwandon Gabu

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da safiyar da Iya Ibadan ta kira ni tana tambaya ko mun bar sana'ar gabu mun koma caca. Ku sababbin shiga ƙungiya kun sha jin ana cewa "Hajo ta je Jega da kwando", wasu su yi dariya, wasu su taɓe baki. To yau ga labarin daga bakin mai shi, don kada a ba ku rabi.

Ni ce Hajo, mai riƙe wayar ciniki da ɗaurin kaya a ƙungiyarmu ta mata masu gabu da busasshiyar albasa a nan Aliero. Ofishina tsakar gidana ne. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma na gama shi da goyo a baya. Sama da ni akwai shugaba Hajiya Luba, sai sakatariya Malama Rabi, wadda ke koyarwa a firamare can Maiyama. Mata daga Gumbin Kure da Birnin Malam duk nan suke kawo nasu kayan a haɗa. Mahaifiyata, Inna Tumba, ita ta fara tara mata a kan wannan sana'a. Da Allah ya yi mata rasuwa sai aka sa wa kayanmu sunanta, Gabun Inna Tumba, kuma shi ne a jikin kowace leda da ta fita daga gidan nan.

Ga wanda bai sani ba, gabu ganyen albasa ne da ake yankewa lokacin cira, a daka shi, a dunƙula, a shanya. In ya bushe, ƙamshi ne a miya. In yana ɗanye kuwa, sai mai haƙuri ke zama kusa da shi. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

A ƙarƙashin sunan da ke jikin leda akwai wani ɗan rubutu, adireshinmu na intanet. Malama Rabi tana ce masa domen, ni dai suna nake ce masa. Da shi masu shaguna na kudu suke buɗe shafinmu su ga kaya, da shi kuma suke aiko saƙon oda. Yadda ta fahimtar da ni, wannan suna ba a sayensa a mallaka har abada, haya ce kamar ta rumfar kasuwa, shekara-shekara. Akwai kamfanin da ke yin rajistarsa, shi ne kamar ofishin sarkin kasuwa. Sannan akwai wani aiki daban da suke kira di-en-es, wanda yake kamar ɗan kamasho a tasha: ka faɗi inda za ka, ya nuna maka motar. In ɗan kamasho ya yi barci, ko ya nuna wata mota, rumfarka na nan cike da kaya amma ba mai isa wurinta.

Wanda ya yi mana duk wannan tun farko shi ne Nasiru, mai shagon kwamfuta a Jega. Nasiru yana auren ɗiyar fari ta Hajiya Luba. Kyauta ya yi mana, shi ke biyan hayar duk shekara, alheri ga surukarsa. Muka yi godiya, muka sa albarka, ba wadda ta tambayi da sunan wa aka yi rajistar. Wa ke buɗe bakin kyauta ya ƙirga haƙora?

Shekarar da abin ya faru, ana tsakiyar cirar albasa, gidana ba wurin sa ƙafa don ganye, sai ga wayar Iya Ibadan. Bayarabiya ce mai babban shago, ta daɗe tana sayen kayanmu, tana jin Hausa daidai gwargwado.

"Hajo, kun fara tete ne, wato caca? Na buɗe Inna Tumba, na ga ƙwallo da caca. Na aika saƙo, ya dawo mini."

Na ce ta sake dubawa, wataƙila yatsanta ne ya zame. Ta ce yatsanta lafiya lau. Na buɗe a tawa wayar. Ga sunan uwata a sama da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa hoton wani saurayi yana ɗaga hannu, kuɗi na zubo masa, ana kiran mutane su zo su buga. Matar da ko kati ba ta yarda a shigo mata da shi gida ba. Na zauna a kan turmi.

Malama Rabi ta bincika ta ce hayar ce ta ƙare ba a sabunta ba, shi ya sa kamfanin ya juya hanyar zuwa shafin talla. Ta ce akwai 'yan kwanakin alfarma da ake bai wa mai suna ya farga. In suka wuce, sai a kai sunan kasuwa, kowa ma zai iya ɗauka, har da masu cacar. Ta kira Nasiru. Ya ce ta kwantar da hankalinta, abu mai sauƙi ne, a bar wancan ya tafi, zai buɗe mana sabo mai kama da shi. Ta ce a'a, ya dai sabunta, ya kuma ba ƙungiya mabuɗin, wato lambar sirrin da ake ɗauke suna da ita daga wani kamfani zuwa wani. Sai ya ce:

"Malama, wagga magana ta shugaba ta. In ta umurce ni da bakinta, an gama."

Nan ne gizo ke saƙa. Kowa a garin nan ya san Hajiya Luba ba ta taɓa kiran sunan Nasiru ba, "mai shago" take ce masa. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana can ƙuryar ɗaki tana amsawa labule a tsakani. In suka haɗu a hanya, ɗaya ya ratse. Mace irin wannan ce za ta ɗaga waya ta ce wa mijin ɗiyarta ta fari ya dawo da abin da ya ba ta kyauta? Shi ma ya san ba za ta iya ba.

Aka kira taro a tsakar gidana. Malama Rabi ta yi bayani tsaf. Kowa ya juya yana kallon shugaba. Hajiya Luba ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, can ta ce a hankali:

"To, tunda mai shago ya ce a canza, shi ya san aikinshi. Suna ai suna na."

Wasu suka fara gyaɗa kai. Ni kuwa na miƙe tsaye.

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ba a yi ba. Ledojin da ke shagunan kudu fa, mu bi su ɗaya-ɗaya mu kankare? Duk wanda ya ci miyarmu ya ji daɗi ya buɗe adireshin da ke jiki, gidan caca za shi faɗa, da sunan Inna a bisa ƙofa. Ina numfashi ba a yin haka."

Wata ta ce, "Hajo, ki ji kunyar shugaba mana."

Na ce, "Ina jin kunyarta. Shi ne ba ni jin kunya tai."

Gaskiya na faɗa. Nasiru ɗan kawuna ne, kawun kuma ƙanen Inna Tumba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Taubashina ne. Tsakanina da shi ba labule, ba sunkuyawa. Abin da zan faɗa masa a tsakiyar kasuwa, in wani ya faɗa sai an kai ga alƙali, ni kuwa sai dai a yi dariya a ce wasan taubasai ne. Shugaba ba ta ce in je wurinsa ba, ba ta ce kada in je ba. Na ɗauki shirun a matsayin guzuri.

Da na nemi izni wurin maigidana Malam, sai ya ajiye butarsa ya dube ni. Ya ce, "Ke da ko biki sai an jawo ki kamar akuya ranar kasuwa? Jega za ki?" Na ce Jega za ni. Ya ce, "Allah shi jiƙan Nasiru."

Ranar kasuwar Jega na zaɓa, don na san ranar ce shagonsa ke cika da masu ɗaukar hoto da masu buga takardu. Na daka ganye da safe, na cika kwando da shi ɗanye sharaf, na naɗe tabarmata. A mota ma sai da fasinjoji suka roƙi direba ya mayar da kwandon bisa.

Na isa na tarar da layi har waje. Ban yi wata-wata ba na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, daidai inda fankarsa ke jan iska zuwa ciki. Na buɗe kwando, na fara dunƙula gabu ina jerawa a kan dakalin tagarsa.

Ya leƙo, ya ga ni ce, ya washe baki.

"Wa nike gani haka? Baiwata ta ɓace hanya?"

"Bawa, ina kwana? Wurin shanya ya ƙare mini a Aliero, na ce bari in zo gidan bawana, ai abin bawa na ubangijinshi na."

"Hajo, nan wurin aiki na."

"Ni ma aikin nike yi."

Ba a jima ba wani mai jiran hoto ya fara share hawaye. Wata 'yar makaranta ta toshe hanci da hijabi. Wani dattijo da ya zo buga takardar gona ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce lafiya lau, Baba, zumunci na kawo. Kuma tunda layin na da tsawo, na ce bari in ɗebe musu kewa. Na ba su labarin ranar da bunsurun Inna ya kori Nasiru yana yaro, ya tsallake danga ya bar wandonsa a rataye, ya shigo gida yana kiran goggonsa. Layi ya ɗauki dariya. Na ce wannan somin-taɓi ne, akwai na ranar kaciya.

Nasiru ya fito da sauri ya tsuguna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Don girman Allah, mi kike so?"

Na goge hannuna, na ciro waya, na buɗe shafin na miƙa masa.

"Karanta mini. Ka san karatuna bai yi nisa ba."

Ya duba ya kawar da kai.

"A'a, karanta. Sunan wa ke bisa? Wadda ta rufe ka da zanenta ranar bunsuru. Wadda ke ɓoye maka ƙanzo kada mu cinye. Ita ce ka bari tana tallar caca, kuma ka ce a bar ta ta tafi."

Ya miƙo mini wayar. Da ya buɗe baki, ba muryar wasa ba ce. Ya ce shi ma ba wurin kamfanin ya yi rajistar kai tsaye ba. Wani ne a intanet mai arha ya saya a hannunsa, shi ma wancan ɗan tsakiya ne. Saƙon tuni yana zuwa wani tsohon imel da ya daina buɗewa. Da abin ya faru ya yi ta kiran mutumin, waya a kashe, ya yi ta aika saƙo, ba amsa. Ya ce, "Da wane ido zan aika wa Hajiya cewa kyautar da na yi mata ta lalace a hannuna? Shi ya sa na ce a canza, a wuce wurin."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma na ce, "Wato kunyarka da kunyar surukarka sun haɗu za su cinye sunan uwata. Ita ba ta iya tambaya, kai ba ka iya faɗi. To ni ba ni cikin wannan layin. Ina nan zaune, kuma ganye bai ƙare ba."

Na kira Malama Rabi. Tana tashi daga makaranta ta hau babur daga Maiyama. Ita da shi suka duƙufa a kan kwamfuta, ni ina bakin ƙofa ina gadi da kwandona. Aikin nasu ne, ba zan karɓi yabon abin da ban iya ba. Suka gano babban kamfanin da ke sama da ɗan tsakiyar, suka nuna shaidar cewa Nasiru ne mai rajistar, aka yarda ya sabunta. Kafin la'asar sunan ya dawo hannu. Tallar cacar ba ta sauka lokaci ɗaya ba, wata wayar ta nuna shafinmu tun ranar, wata sai washegari. Malama ta ce haka abin yake, sai labari ya zaga tashoshi.

Nasiru ya share zufa ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu ku bar shi wurina, wallahi ba ya sake faruwa. Na ɗauki darasi."

Malama Rabi ta dube ni. Na ga ta fara sanyi, don ya yi rantsuwa, kuma ya wahala. Nan ne mutane suke cewa na yi taurin kai, nan ne kuma nake cewa da za a sake, haka zan sake yi.

Na ce, "Mabuɗi."

"Hajo, ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai fiye da kamfanin da ban taɓa gani ba. Amma ko waliyyi ka zama, ba ka riƙe shi. Ba don kai mugu ba ne. Don in ka sake kuskure, shugabarmu ba ta iya yi maka faɗa, ni kuma ba kullum nike da ganye ba."

Dattijon nan mai takardar gona, wanda ya ƙi tafiya don ya ga ƙarshe, ya ce, "Yaro, ba ta abinta, mu sha iska." Nasiru ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya cire kullen da ke hana a ɗauke sunan zuwa wani kamfani, ya nemi lambar. Da ta iso ya tura wa Malama Rabi a gabana. Sannan na kwashe gabuna. Na bar masa dunƙule biyu a taga, na ce na miyar amarya ne.

Saura zaɓen inda za mu kai shi. Malama Rabi ta tace kamfanoni, ta zubar da duk wanda ba shi da izni daga hukumar da ke kula da sunaye, don mun gaji da ɗan tsakiyar ɗan tsakiya. Waɗanda suka rage ta ba ni lambobinsu, ta ce tunda ni ce mai kunnen waya, in gwada su. Ni kuwa yadda Inna ke gwada dillali na gwada su. Ita ba ta tambayar dillali nawa zai sayar mata, sai ta ce, "In na fasa, yaya zan kwashe kayana?" Daga fuskarsa take gane shi.

Na fari, na'ura ce ta yi ta yi mini waƙa har katina ya kusa ƙarewa. Wani kuma mutum ya ɗauka, baki kamar zuma, shekarar farko kusan kyauta. Da na ce shekara ta biyu fa, sai ya fara tari. Da na ce in na gaji da ku yaya zan tafi, sai ya ce ai ba mai gajiya da su. Na ce sai anjima. Wanda muka ɗauka, wata mata ce ta amsa, da ta ji Turancina ya tsaya a gaisuwa sai ta nemo mai jin Hausa a cikinsu. Na yi masa tambayar Inna. Bai yi fushi ba, bai yi zaƙi ba, ya ce mabuɗin namu ne, duk ranar da muka so za mu cire shi da kanmu daga shafinsu ba sai mun roƙi kowa ba. Na ce wa Malama, wannan ya san rabuwa, za a iya zama da shi.

Ni na so a bar komai a wuri ɗaya don sauƙi. Malama Rabi ta ƙi. Ta ce ɗan kamashon, wato di-en-es, a kai shi wani kamfani daban mai injuna a garuruwa da yawa, in na wani gari ya mutu na wani ya ci gaba da nuna hanya. Muka ja, ta fi ni hujja, na sakar mata. Aka rubuta rajista da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba, ba nawa ba. Saƙon tuni yana shiga wayarta da tawa. Ba a taɓa komai a ciki sai an turo wata lamba ta biyu. Aka kuma mayar da kulle.

Iya Ibadan ta dawo da odarta, har da tsiya, wai ta riga ta zaɓi ƙungiyar ƙwallon da za ta buga.

A gari kuwa an yi ta magana. Wai na tozarta surukin shugaba a bainar jama'a, wai mace mai jikoki ta zauna bakin shago kamar mai tallar goro. Har yau akwai waɗanda ke gaishe ni da gefen baki. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba ni da niyya. Shi wanda aka ce na tozarta, bayan mako ya aiko mini da kwalbar turare, da saƙon wai baiwarsa ta riƙa shafawa kafin ta shigo birni.

Wadda na damu da ita Hajiya Luba ce, don ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Ran nan da hantsi sai ga ta. Ta zauna a bakin tabarma, ta jawo ganye ta fara dunƙulawa, ba ta dube ni ba.

"An ce kin je Jega."

"Na je, Hajiya."

"Mai shago lafiya?"

"Lafiya lau. An ce dai har yanzu in an buga takarda a shagon, sai a yi miya da ita."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta nutsu sai ta ce, "Da ni aka bari, da sunan ya tafi, Hajo. Ina gani, ina ji, da ya tafi."

To ku da za ku riƙe wannan waya bayana, ga abin da na tsinta. Ban ce ku zubar da kunya ba, ita ce suturarmu, kuma magabatan da suka rufe ƙofa da ita su ne suka bar tagar wasa don irin wannan rana. Amma ba kowace ƙungiya ke da taubashiya mai kwando ba. Suna ne, rumfa ce, ko mabuɗin sito, in kayan jama'a ne, kada ku ajiye shi a hannun wanda ba ku iya yi wa faɗa.